Daga Zango Zuwa Ɗakin Manya: Tarihin Wurin Jiran Jirgi

Cikin hutun da ya wuce, mutum uku daga cikin sababbin marubutanmu suka ba ni rubutunsu in duba masu kafin su kai maɗaba'a. Labaran ba su yi kama da juna ba, amma akwai wuri guda da duk suka haɗu, watau filin jirgin sama. A kowane labari akwai wani Alhaji ko ɗan Alhaji da zai tashi zuwa Landan ko Dubai, a wuce da shi wani ɗaki na musamman mai sanyi da kujeru masu taushi, a ajiye masa lemo da nama, yana kaɗa ƙafa har a zo a rusuna a ce, ranka ya daɗe, jirgi ya shirya. Na tambayi ɗaya daga cikinsu ko ya taɓa shiga irin wannan ɗaki, sai ya yi dariya ya ce a fim ya gani. Ban ga laifinsa ba, don ni ma da na ba shi kusan shekara ashirin sau ɗaya tak na taɓa leƙawa, shi ma albarkacin wani na ci. Amma abin ya tsaya mini a rai, har na shiga bin diddigin wannan ɗaki da muke ta sakawa a littattafanmu ba mu san asalinsa ba. Abin da na tarar shi ne, ɗakin manya bai yi daraja ba sai bayan da aka rage wa sauran fasinjoji tasu darajar.

Bari mu fara daga gida, tunda Kano ta daɗe da sanin jirgi. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jiragen sojan Ingila guda uku, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Suka biyo ta Sudan da Chadi suna yada zango, suka iso Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarki Usman. A lokacin babu filin jirgi, balle ɗakin jira. A filin dawakai suka sauka. Sai a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko. Jirgin da ake amfani da shi bai fi ɗaukar mutum goma ba, kuma tafiya Ingila kwanaki take ci, ana kwana a hanya. Wa ke shiga? Manyan jami'an mulkin mallaka da wakilan kamfanonin ciniki. To, mutanen da ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, wa za a ware daga wa? Duk inda aka sauka kamfani ne ke ba su masauki da abinci, don yana cikin kuɗin tikiti.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya faɗaɗa filin Kano. Daga 1940 zuwa 1943 Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Da yaƙi ya ƙare, sai Kano ta wayi gari da filin da ya fi ƙarfin buƙatarta, kuma a daidai gaɓar da kowa ke nema. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba sa iya tasowa daga Turai su kai kudancin Afirka ba su sha mai ba. Wanda ya ƙetare Sahara kuwa, Kano ce babban gari na farko da zai tarar. Saboda haka kamfanin KLM na Holan ya fara sauka Kano a 1947, ga BOAC na Ingila, ga Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango. Fasinja zai sauko ya miƙe ƙafa, a kai shi ɗakin cin abinci, ya ci ya sha a kan kuɗin kamfani, ya taya kayan fata da na tagulla a wurin 'yan koli, a gama zuba mai ya koma. Har yau akwai hotunan wani mai kakaki bisa raƙumi, cikin rawani, wanda aikinsa shi ne ya busa in jirgi ya doso. Ni dai wannan hoto yana ba ni dariya da takaici lokaci guda, don kakaki busar sarakuna ce, sai ga ta ana yi wa duk wanda ya iya sayen tikiti. Amma mai karatu ya lura da wannan: ana yi wa duk wanda ke cikin jirgin ne. A wancan lokaci filin gaba ɗayansa ɗakin manya ne, katangar da ke raba mutane tana can bakin ƙofar shiga, tsakanin masu tashi da masu kallo.

Abin da ya shigo da katangar ciki ba a Kano ya faru ba, a Amurka ne. A 1936 shugaban kamfanin American Airlines, C. R. Smith, ya fara ba wasu zaɓaɓɓun abokan hulɗa laƙabin girmamawa na Admiral, watau babban hafsan jiragen ruwa, kamar dai yadda sarki zai naɗa wa attajiri sarautar da ba ta da ƙasa. A 1939 aka buɗe masu ɗaki a filin LaGuardia na birnin New York, aka kira shi Admirals Club. Wannan shi ake ɗauka ɗakin manya na farko a filin jirgi. Ba a sayen shiga da kuɗi. Ma'aikatan kamfani ne ke duba wanda ya dace su gayyace shi, 'yan siyasa da taurarin fim da shugabannin kamfanoni. Sauran kamfanoni suka kwaikwaya. Haka aka yi ta tafiya kusan shekara talatin, har wasu fasinjoji suka kai ƙara cewa ana nuna masu bambanci alhali kuɗin tikiti ɗaya suka biya. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1974 aka tilasta wa kamfanonin Amurka su buɗe ƙofa ga duk wanda zai biya kuɗin shekara. Watau an bar tambayar ɗan wane ne, an koma ta nawa gare shi. Wasu suna kiran wannan ci gaba, kuma a wani gefen ci gaban ne.

A daidai waɗannan shekaru ne jirgi ya zama abin hawan jama'a. A 1952 aka fito da aji mai rahusa a hanyar Turai zuwa Amurka, a 1958 aka ƙara fito da wanda ya fi shi araha. A Janairun 1970 jirgin Boeing 747 ya fara aiki, mai ɗaukar mutum fiye da 350. Abin sha'awa, benen saman wannan jirgi da farko falo ne na 'yan ajin farko, har wasu kamfanoni suka yi wa 'yan gama-gari nasu falon. Da man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai aka kwashe falon aka jera kujeru, don kowane taku na cikin jirgi kuɗi ne. A 1978 gwamnatin Amurka ta cire hannunta daga ƙayyade farashin tikiti, gasa ta ɓarke, tikiti ya yi araha, kujeru suka matse, zauren jira ya cika maƙil. Daga nan ne ɗakin manya ya tashi daga kwalliya ya zama mafaka. Abin da ake sayarwa a ciki, watau wurin zama, da shiru, da abinci, da ma'aikacin da zai saurare ka in jirgi ya makara, shi ne abin da kowane fasinja ke samu a Kano a 1950 ba tare da ya nuna wani kati ba.

Saura da me? Saura a san wa za a bari ya shiga. A 1981 American Airlines ɗin nan dai ya fito da tsarin AAdvantage, inda kwamfuta ke lissafa nisan tafiyar da mutum ya yi da kamfanin, a ba shi maki. In maki ya taru a ɗaga shi zuwa matakin azurfa ko na zinariya, ya samu shiga ɗaki ko da tikitin gama-gari ya yanka. Daga baya kamfanoni suka haɗa ƙawance, Star Alliance a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000, ta yadda katin kamfani ɗaya zai buɗe ɗakin wani. EgyptAir ya shiga Star Alliance a 2008, Ethiopian ya bi shi a 2011, kuma mutanenmu sun san waɗannan biyu sarai.

A nan zan ɗan ratse, don wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe. Fataken da ke zuwa Gwanja saro goro sun san ta tun kafin a haifi kakan C. R. Smith. In ayari ya isa Salaga, kowane falke yana da fatomansa, mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in ciniki na bashi ne. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ribarsa tana cikin la'ada, kuma babban burinsa shi ne baƙon nan ya dawo gidansa baɗi, kada ya sauka gidan wani. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya bayyana irin wannan tsari a unguwar Sabo ta Badun cikin littafin da ya fitar a 1969, inda ake kiran mai masaukin da maigida. Babu shakka falken da ya zo da jakai hamsin ba ɗaki ɗaya za a ba shi da mai jaki biyu ba, kada mu yaudari kanmu cewa da can kowa ɗaya ne. Bambancin da nake gani shi ne, fatoma ya san fuskar baƙonsa, ya san ubansa, kuma in ya wulaƙanta ƙaramin falke labari zai riga shi isa Kano. Kwamfuta ba ta jin kunyar kowa.

To, yaya ake auna kyan ɗakin manya? Masu yawan tafiya suna da ma'auninsu, kuma suna gardama a kai kamar yadda muke gardama a kan ƙa'idojin rubutu. Suna duba abinci, dafaffe ne mai zafi ko biskit da gyaɗa. Suna duba wurin wanka ga wanda ya kwana a sama, da wurin kishingiɗa, da intanet, da wurin cajin waya, da nisan ɗakin daga ƙofar shiga jirgi. Kamfanoni suka shiga rige-rige. A 2004 Lufthansa ya gina wa manyan fasinjojinsa gini sukutum a Frankfurt, da nasu jami'an duba fasfo, in lokaci ya yi a ɗauke su a mota har gindin jirgi. Filayen Dubai da Doha suka zo suka ɗora. Sai dai duk wanda ka tambaya a cikinsu abin da ya fi ɓata ɗaki, zai ce maka cunkoso. Nan ne abin ya zama kamar kare mai bin jelarsa. A 1992 aka kafa Priority Pass, kamfanin da ke sayar da izinin shiga ɗakuna a filaye da yawa ba ruwansa da jirgin da ka hau, bankuna kuma suka riƙa liƙa wannan izini a jikin katunansu. Jama'a suka kwarara. Har ta kai a 2022 kamfanin Delta na Amurka ya kafa doka cewa ba a shiga ɗakunansa sai in saura awa uku ko ƙasa da haka jirgi ya tashi, saboda layi ya fara kafuwa a bakin ƙofa. Maganin da kamfanoni suka samo shi ne su gina wani ɗakin a bayan ɗakin, na manyan manya. Ashe kujera da abinci ba su ne kayan sayarwar ba. Rashin sauran mutane ake saye, shi ya sa da zarar kowa ya samu sai abin ya lalace.

Mu dawo Kano. Jiragen da suka cika zaurukan Turai da Amurka su ne suka kwashe wa Kano baƙinta. Tun daga shekarun 1960, jirage marasa farfela irin su Boeing 707 da VC10 suka zo da dogon numfashi, mai ƙetare Sahara ba dole ne ya tsaya shan mai ba. Aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja a Disambar 1991, kamfanonin waje suka riƙa karkata can. Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003. KLM, bayan shekara 65, ya yi sallama da Kano a 2012. An dai gina sabon ginin fasinjojin ƙasashen waje daga cikin rancen dala miliyan 500 da aka ciwo daga Sin don filayen Abuja da Legas da Fatakwal da Kano. Amma namu ɗakin manyan, tun asali, ba daga C. R. Smith muka gaje shi ba, daga Razdan da Di'o muka gaje shi. A nan abin da ya fi buɗe ƙofa shi ne muƙami: gwamna, minista, sanata, basarake, da ayarin masu riƙe masu jaka. Ba ka buƙatar ka yi tafiya sau hamsin, rantsar da kai kawai za a yi. Sai a 2024 ne ma Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince manyan su riƙa biyan kuɗin shiga da mota filayen jirgi kamar kowa, abin da talaka ya daɗe yana biya. Filin Kano kuwa sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa a kan talakawa har ya rasu a 1983, kuma marubuci ɗan'uwanmu, mai littafin Motsi Ya Fi Zama. Na bar wa mai karatu ya yi tunanin abin da Malam zai ce.

Su wane ne masu yawan tafiya na haƙiƙa a ƙasar Hausa? Ba ministoci ba ne. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ne da takwarorinsu, maza da mata, masu zirga-zirga Dubai da Jidda da Alƙahira da Guangzhou, wasu kusan kowane wata. In da nisa ake bi, da yawansu sun isa zinariya. Amma ɗan kasuwa tikiti mafi araha yake nema, da kamfanin da zai bar shi ya ɗauko kaya da yawa, yau ya bi wannan gobe ya bi wancan, makinsa ya warwatse. Bugu da ƙari, tun daga 2015 manyan kamfanonin Amurka suka koma ba da maki gwargwadon kuɗin da aka biya maimakon nisan da aka yi, wasu da dama suka bi sahunsu. Ke nan ma'aikacin da ofis ya yanka wa tikiti mai tsada sau biyar ya fi Hajiyar da ta yi sawu goma sha biyar da guminta. Ita za ka gani ta shimfiɗa mayafi a ƙasa a filin Addis Ababa, ta yi matashi da jakar hannu, tana jiran jirgin asuba.

Akwai kuma babban ɗakin jiranmu wanda ban taɓa ganin an ba shi shafi biyu a wani littafin ƙagaggen labari ba, watau sansanin alhazai. Yawancin Hausawan da suka taɓa hawa jirgi, ta nan suka bi. Duk wanda ya taɓa rakiyar maniyyaci ya san yadda ake kwana biyu, uku, wani lokaci mako, a kan tabarma, da buta da ƙullin garin kunu, ana jiran a kira suna. Tsofaffin da ba su taɓa barin ƙauyensu ba, ga zumuɗi ga tsoro, ga masu canjin kuɗi, ga 'yan rakiya sun fi matafiya yawa. Tsoron ma yana da dalili, don mutanen Kano ba su manta da 22 ga Janairun 1973 ba, ranar da jirgin alhazai ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A can ɗaya ƙarshen hanyar kuwa, a Jidda, akwai abin da ya nuna cewa ana iya zama a yi wa talaka tunani. A 1981 aka buɗe tashar alhazai ta filin Sarki Abdul'aziz, wadda injiniya Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka, yana cikin waɗanda suka tsara ta. Masu zanen sun san alhaji zai daɗe yana jira, kuma ba shi kaɗai ba ne, dubun-dubata ne. Maimakon su yi ƙaton gini rufaffe, sai suka kafa rumfuna 210 masu siffar tanti, can sama, gefe a buɗe, rufin yana mayar da zafin rana yana barin haske, iska tana ratsawa, ƙasa kuma fili ne da mutum zai shimfiɗa tabarma ya yi salla ya kwanta. Ta ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1983. Alhazai suna kukan daɗewa a wurin, gaskiya ne, amma ni a ganina ita ce ɗakin jira mafi daraja da aka gina a ƙarnin da ya wuce, don an gina ta ne ana sane da cewa kowa zai shiga.

Na ce sau ɗaya na taɓa leƙa ɗakin manya. A wani filin jirgi ne na cikin gida, an tura ni taron bita, jirgin ƙarfe goma na safe bai zo ba har azahar ta wuce, ba wanda ya fito ya ce mana uffan. Ina zaune kan jakata don kujeru sun ƙare, sai wani saurayi cikin kwat ya durƙusa gabana ya ce, "Malam, ba ka gane ni ba?" Ashe tsohon ɗalibina ne, wanda na sha kora waje saboda surutu, yanzu ma'aikacin banki ne. Ya ɗauki jakar ya ce, "Malam, taso mu shiga ciki, katina yana ɗaukar baƙo ɗaya." Ɗakin bai kai ajin da nake koyarwa girma ba. Kujeru ne masu taushi kamar goma sha biyar, da talabijin, da firji, da faranti an jera cincin da ƙosai da ya huce, banɗakin kuma yana da ruwa. In don wannan ne, da ban ɓata tawada ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ko minti goma ban yi da zama ba wata ma'aikaciya ta shigo ta rusuna ta ce, jirgin yana can an tsayar da shi saboda gyara, ba zai iso ba sai ƙarfe biyar, wanda ke son ya fita ya dawo yana da lokaci. Na waiwaya ta gilashi, ga mutum fiye da ɗari, cikinsu har da wata tsohuwa da muka yi hira ɗazu, wadda ta ƙi tashi ta je ta yi alwala don kada a kira jirgi ba ta nan. Na ajiye kofin shayin na ce wa yaron ina zuwa. Mai gadin ƙofa ya ce in na fita sai an sake duba kati kafin in dawo, na ce na ji. Na je na gaya wa tsohuwar ta tafi ta yi sallarta a natse, sai biyar. Kafin in rufe baki mutane sun kewaye ni suna tambaya ko ni ma'aikacin kamfanin ne.